Rahoton Sakatare: Ayyukan Ƙungiyarmu ta Masu Kallon Tsuntsaye na Bana

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Zan fara da maganar kuɗi, domin ita ce ta tsaya mana a wuya. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke bana ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun bi gida-gida a Nima da Ashaiman, mun yi waya, mun aika saƙo, amsar dai ɗaya ce: "Sai ƙarshen wata." Saboda haka masu tambayar ina madubin hangen nesa da aka yi alkawarin ƙarowa, ga amsarku. Ba a ci kuɗin kowa ba, kuɗin ne bai shigo ba. Littafin ma'aji a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Haka ma ƙidayar tsuntsaye ta wata-wata a tafkin Sakumono da ke tsakanin Accra da Tema a nan Ghana. Ta tsaya tun cikin damina, don mutum uku ba za su iya zagaye bakin tafkin su kaɗai ba, kuma kuɗin mota daga aljihunsu yake fita. Ƙidayar da ke da giɓi ba ta da amfani ga masu bincike, wannan kuwa ya yi mini ciwo ƙwarai. Ƙaramin littafin sunayen tsuntsaye da Hausa shi ma yana nan a rubuce, kuɗin bugawa yake jira.

An yi tarurrukan wata kamar yadda aka saba.

Abin farin cikinmu shi ne fitar Asabar ta biyu a cikin watan Oktoba, ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya. Bayan sallar asuba muka kama hanyar Tema da ɗaliban makarantar Islamiyya da malamansu. Mun yi sa'a ruwa ya ja baya, laka ta fito, baƙin da suka gudo wa sanyin Turai da Sibiriya sun baje a kanta suna kiwo. Ƙanana ne, wasu tafin hannu zai ɗauke su, amma sun keto dubban kilomita ta gaɓar tekun Atlantika kafin su sauka nan. Ga ladin kogi da dogayen jajayen ƙafafunsa, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga ƙirinjijiya suna wucewa da fito.

Wanda ya sace zukatan yara shi ne baƙin zalɓen nan mai yin laima. Sai ya taka kaɗan, ya tsaya, ya buɗe fukafukansa ya rufe kansa ruf, kifi ya shigo inuwar, shi kuwa ya cafke. Wata yarinya ta riƙe madubi ta ƙi saki har sai da malama ta sa baki. Shugaba ya yi musu bayanin cewa tun 1992 aka sa tafkin cikin wuraren da Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, ke karewa, tare da Keta da Songor da Densu da Muni-Pomadze. Ya kuma nuna musu da yatsa yadda gine-gine ke cin bakin tafkin, da robobin da ruwa ke kwasowa daga cikin gari. Kafin mu tashi sai da yaran suka cika buhuna da shara, ba wanda ya sa su. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da suka kawo koko da ƙosai, da ɗan'uwan da ya ba da motarsa kyauta.

Abin da ya dame ni, da yawa daga cikin masu yaba hotunan a WhatsApp ba su taka ƙafa wurin ba. Dukkanmu muna da aiki da iyali. In mutum ba zai iya fitowa ba, ya biya kuɗinsa don waɗanda za su fita su samu na mota. In kuma ya gaji da ƙungiyar, ya faɗa mana mu san da wa muke tafiya.

Baƙin tsuntsayen suna nan har wajen Maris, kuma muna son fita ta gaba ta kasance 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya. Duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, a nan za a karanta sunayen waɗanda suka biya.

Wassalam,
Sakatare