Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Fina-finai Ta Nijeriya, Ali Nuhu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata aiki yana tafiya lafiya a Jos. Ni ba ɗan fim ba ne. Mai kallo ne, irin waɗanda suka tashi suna karo-karo su hayo kaset a shagon unguwa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin a kai ƙarshe. Wannan tsohuwar ƙaunar ce ta sa na ɗauki alƙalami, sai kuma wani abu da na gani da idona, wanda har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya wani abokina mai ɗaukar hoto ya ja ni zuwa bikin karrama 'yan fim. An ce ƙarfe takwas, ba a fara ba sai wajen sha ɗaya. Da aka fara, kambu na farko har zuwa na goma duk 'yan siyasa da 'yan kasuwa aka miƙa wa, kowanne da kirarinsa. Gwarzon jarumi kuwa da yawan ƙuri'un waya aka fitar da shi, wato wanda magoya bayansa suka fi saka kati shi ne ya fi iya wasa. Babu kambun marubuci, babu na mai sauti, babu na mai haɗa hoto. A layin baya, kusa da ƙofa, na hangi wata dattijuwa da ta shekara fiye da ashirin tana fitowa a matsayin uwa. Tana zaune da mayafinta, jakarta a kan cinya, tana tafa wa kowa. Har aka tashi ba a ambaci sunanta ba. Na ga lokacin da ta fita bakin titi tana tsayar da adaidaita sahu, ita kaɗai. Abokina bai ce mini komai ba a hanya, ni ma ban iya ce masa komai ba.

Yallaɓai, ka fi ni sanin darajar kambu na gaskiya, domin ka riƙe shi. A 2018 fim ɗinka Mansoor ya ci rukunin Hausa a AMVCA, gasar karrama fina-finan Afirka da ake yi a Legas. A 2023 Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci. Duk shekara mukan zauna gaban talabijin har dare, ba don kayan ado da jan kafet ba, sai don wancan minti biyun da za a kira sunan wani namu. Sai ga shi a 2024 an haɗe harsunan Afirka ta Yamma a rukuni ɗaya, fim ɗin Yarbanci Jagun Jagun ya ɗauka. Ba na jayayya da cancantarsa, an kashe kuɗi kuma an yi aiki. Amma a daren na gane cewa rumfar da muke fakewa ta aro ce, kuma mai ita yana da ikon gyara ta yadda ya so.

Abin da ya fi damuna shi ne ba aikin kirki muka rasa ba. Na kalli fim ɗin Hausa The Milkmaid sau biyu. A karo na biyu sai da na tsayar da shi na fita waje na sha iska, saboda yadda ya nuna abin da tashin hankali ke yi wa 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya. Ya ci kambun fim mafi kyau a AMAA, wata gasar fina-finan Afirka, a 2020, Maryam Booth ta ci na mataimakiyar jaruma, aka kuma tura shi Amurka ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar. A 2024 aka sake tura wani fim na Hausa, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura. Idan aka tuna cewa a 2019 an cire fim ɗin Nijeriya Lionheart daga gasar saboda Turanci ya yi masa yawa, za a ga cewa harshen nan namu jari ne a hannun ƙasar baki ɗaya. To me ya sa a gida ba mu da ma'aunin da zai bambance irin wannan aiki da wanda aka ɗauka cikin kwana uku aka watsa a YouTube?

Roƙona ke nan, ranka ya daɗe. Hukumarka tana shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja, tana kuma da makarantar koyon fim a Jos. A ƙarƙashin wannan inuwar a kafa gasa tsayayya ta fina-finan Hausa, duk shekara, a rana sananniya. A zaɓo alƙalai daga malaman jami'a da tsofaffin daraktoci da marubuta, a bayyana sunayensu da ƙa'idojinsu tun kafin a fara karɓar fim. A bar wa masu kallo rukuni ɗaya su yi zaɓinsu, domin su ma suna da haƙƙi, sauran kuma a bar wa masana. A sa kambun labari, da na sauti, da na haske, da na sutura, da na wanda ya fi kyautata Hausar da ke bakin 'yan wasa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurina, don kunnena ya gaji da jin basarake a fada yana magana kamar ɗan makaranta a Facebook. A buɗe ƙofa ga 'yan'uwanmu na Nijar da Gana, su ma da Hausa suke yi.

Sai maganar dattawa. Rabilu Musa Ibro ya tafi a 2014, Kasimu Yero a 2017, Saratu Gidado a 2024, Allah ya jiƙansu. Yabon da aka yi musu bayan rasuwa ya ninka wanda suka ji da kunnensu. Ayyukan ma suna bin su. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a rumbun hukumarka aka gano shi, sai da aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna a Balin a 2018. Shi ya yi sa'a. Kaset-kaset ɗin da suka biyo bayan Turmin Danya, ɗaya daga cikin fina-finan Hausa na farko a kaset, tun daga 1990 fa? Nawa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, danshi ya cinye rabinsu. Ina so a ce kowace shekara, a daren gasar, a gyara tsohon fim guda a haska shi, a kira waɗanda suka rage cikin masu yin sa su hau dandamali, a aika musu mota har ƙofar gida.

Idan Allah ya sa aka yi, ina roƙon a fara da dattijuwar nan ta layin baya. Ka san ta, ta sha fitowa a matsayin mahaifiyarka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani mai kallo