Ga masu neman mastar da doktora a ilimin magunguna: a leƙa ɗakin gwaji kafin a zaɓi take

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin ƙannenmu da suka gama karatun farmasi suke shirin shiga bincike.

Takardar dokta da ake bayarwa a ƙarshen karatun farmasi, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Wagadugu ko Dakar, ta aiki ce, da ita ake riƙe kantin magani. Doktorar bincike daban take: a tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) mastar shekara 2 ce, doktora 3, kuma ita ce hanyar mai son koyarwa a jami'a. Wanda ya nufi Zariya, can da Ingilishi ake rubuta kundi, sai ya yi shiri tun da wuri.

Abin da ya fi kayar da ɗalibi shi ne ya zaɓi take mai daɗin ji, sai daga baya ya tarar babu na'urar yin aikin. Kafin ka sa hannu, je ka ga ɗakin gwajin da idonka. Na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran magani da auna yawansu, tana aiki ko an lulluɓe ta da leda? Wa zai sayi sinadaran? Akwai injin wuta da ke riƙe firji? In a LANSPEX, ɗakin gwaji na ƙasa da ke Yamai, za a yi wani sashe na awon, a samu amincewa a rubuce, kada a tsaya ga alkawarin baki.

Yawancin ɗalibanmu itatuwan magani suke nufa, sabara, marke, bagaruwa. Ba laifi, amma nan aka fi yin sakaci. Sunan Hausa bai isa shaida ba, domin suna ɗaya yakan hau tsiro biyu. A kai reshe mai ganye da fure ga masanin tsirrai ya tabbatar da sunan kimiyya, a ajiye samfuri mai lamba, a rubuta wuri da watan da aka tsinka. Garin da aka sayo a kasuwa ba ya zama tushen kundi, tunda ba a san abin da aka gauraya ba. A shanya a inuwa. Ranar Maraɗi tana lalata wasu sinadaran, damshin damina kuma yana kawo funfuna. A jiƙa giram 100 na gari cikin lita 1 ta etanol mai ƙarfin kashi 70, awa 48 zuwa 72, a tace, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba, a auna abin da ya rage, a sa a firji. Wanda ya gaggauta ya ƙara wuta, abin da yake nema ya ƙona.

Sai gwajin ƙwayoyin cuta. Marke da bagaruwa cike suke da tanin, sinadarin nan da majema ke jima da shi, kuma yana kama furotin kowane iri. Saboda haka da'irar da ta fito a farantin gwaji, inda ƙwayoyin suka kasa girma, ba ta nufin an gano magani. Dole a daidaita yawan ƙwayoyin a ma'aunin McFarland 0.5 (ma'aunin gurɓacewar ruwan da ƙwayoyin ke ciki), a yi aiki da sanannen iri kamar E. coli ATCC 25922, a gwada sananniyar antibiyotik a gefe, a gwada ruwan narkarwar shi kaɗai, a maimaita sau 3, sannan a nemo mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar girma. Kundin da ya tsallake waɗannan, mujallar kirki ba ta karɓarsa. Gwaji kan ɓeraye ko mutane kuwa, sai da izinin kwamitin ɗa'a tun kafin a fara.

A ganinmu akwai fagen da ya fi dacewa da Maraɗi, ɗalibai kuma suna raina shi: ingancin maganin da ke yawo a gari. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Mu ga mu a bakin iyaka, ga masu tallar ƙwayoyi a tire cikin rana. Gwajin gaggawa na jurewar magani ana yin sa ne a digiri 40 har wata 6, alhali a watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce haka. Ɗalibi zai iya sayen amoksisilin ko maganin zazzaɓin cizon sauro daga farmasi da kasuwa da hannun 'yan talla, ya rubuta lambar kowane rukuni da ranar ƙarewarsa, ya auna nauyi da lokacin narkewa, ya tantance da gwajin TLC, na rarrabe sinadarai a kan faranti, mai sauƙin kuɗi. Waɗanda suka faɗi kaɗai za a kai wa HPLC. Sharaɗin dai shi ne a samu tsantsar sinadarin da za a kwatanta da shi, kuma odarsa takan ɗauki watanni, don haka a yi ta tun makon farko.

Muna roƙon malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da masu farmasin garin nan su zauna su fitar da jerin na'urorin da kowa ke da su, a liƙa inda ɗalibi zai gani kafin ya rubuta takensa.

Wassalam.

Wasu masana harhaɗa magunguna,
Maraɗi