Wasiƙar da Lincoln Bai Aika Ba

Ya kai ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mahaifiyarka ta ba ni labarin saɓanin da ya shiga tsakaninka da mataimakinka a wurin aiki, da takardar da ka ce za ka rubuta masa har ka tura kwafi ga shugabanninku. Ban kira ka a waya ba, domin na san idan ranka ya ɓaci ba ka barin mutum ya kai aya, kuma a wurina ka gaji wannan hali. Shi ya sa na ɗauki biro in ba ka labarin wasu takardu na Abraham Lincoln, wanda ya shugabanci Amurka lokacin yaƙin basasarta na 1861 zuwa 1865.

A farkon Yulin 1863 sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar George Meade suka yi galaba a kan rundunar 'yan awaren kudu ta Janar Robert Lee a Gettysburg, bayan kwana uku ana gwabzawa. Lee ya ja da baya, ya tarar Kogin Potomac ya cika ya batse saboda ruwan sama, ya maƙale a bakinsa kwana da kwanaki, amma Meade ya yi ta jan ƙafa har ruwa ya ragu abokan gaba suka tsallake. Ranar 14 ga watan Lincoln ya zauna ya rubuta masa wasiƙa mai zafi, ya ce Lee ya shigo hannu an bar shi ya suɓuce, kuma yanzu ba wanda ya san ranar da yaƙin zai ƙare. Da ya gama sai ya saka ta a ambulan ya ajiye, bai sa hannu ba, bai aika ba. A ganina ya tuna cewa saura kwana uku a fara wannan gumurzu aka damƙa wa Meade rundunar, kuma wanda ke zaune a Washington bai ga gawarwakin da shi ya gani ba. Meade ya ci gaba da riƙe rundunar har ƙarshen yaƙin.

Kwana ɗaya kafin haka ya rubuta wata wasiƙar, ita kuwa ya aika. Janar Ulysses Grant ya kama garin Vicksburg ranar 4 ga Yuli ta hanyar da Lincoln ya ɗauka kuskure ce, sai shugaban ƙasa ya rubuta wa mutumin da ke ƙarƙashinsa, wanda ko haɗuwa ba su taɓa yi ba, cewa shi Grant ne ya yi daidai, shi Lincoln ya yi kuskure.

Ni ban yi wannan hankalin ba. Lokacin da nake shugaban makaranta wani malami ya yi kwana huɗu bai zo aiki ba ana dab da jarrabawa, na zauna gaban tafireta jikina na rawa na buga masa takardar tuhuma, na tura kwafi sama tun tawadar sa hannuna ba ta bushe ba. Ashe matarsa ce a kwance a asibiti. Na ba shi haƙuri ya haƙura, amma takardar ta riga ta shiga fayil ɗinsa, kuma fitar da ita ya fi ƙarfina.

Kada ka ɗauka ina cewa shugaba ya yi ta haɗiye magana. A watan Agustan 1862 Lincoln ya amsa wa ɗan jarida Horace Greeley, wanda ya zarge shi da jan ƙafa wajen 'yanta bayi, cewa babban burinsa shi ne ceto tarayyar ƙasar, ko da 'yanta bayi ko ba tare da shi ba. Wannan amsa ba ta yi mini daɗi ba har yau, domin mutum kusan miliyan 4 ne ke cikin bauta, kuma kowane wata na jira wata ne a ƙarƙashin bulala. Sai dai a lokacin da yake rubuta ta, daftarin sanarwar 'yanta bayi yana ajiye a wurinsa, ya riga ya karanta wa ministocinsa tun Yuli, aka ba shi shawarar ya jira nasara a fagen daga don kada a ce kururuwar wanda aka fi ƙarfi ce. Kwana biyar bayan karon Antietam na 17 ga Satumba, inda sojojin gwamnati suka sa Lee ya ja da baya, ya fitar da ita a matsayin sanarwar farko. Ranar 1 ga Janairun 1863, bayan ya shafe awanni yana musabaha da baƙin sabuwar shekara, hannunsa ya yi tsami, sai ya dakata kafin ya sa hannu a kan sanarwar ƙarshe don kada a ga rawa a rubutunsa a ce ya yi shakka. Sanarwar ta shafi yankunan tawaye ne kawai, shi ya sa ya matsa wa majalisa har ta amince da gyaran tsarin mulki na 13 a Janairun 1865, wanda ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya, ko da yake an harbe shi a Afrilu kafin jihohi su gama tabbatar da shi.

Saboda haka ka rubuta takardarka yau da dare, ka zuba duk abin da ke ranka, ka kulle ta a durowa. Gobe ka kira mataimakin naka ku zauna ku biyu, ka tambaye shi abin da ya faru, ka saurare shi har ya gama. Idan da naka laifin a ciki ka faɗa masa da bakinka, idan kuwa nasa ne kuma babba ne, ka sake rubuta ta da sanyin rai ka sa hannu. Ka zo mini da ta farkon ranar Asabar mu karanta tare. Ka gaida mini jikokina, Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka