A bar kan Nkrumah inda yake

Ɗana, bayan gaisuwa.

Ranar taron iyayen yara a unguwar Nima ta Akra ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda gwamnati ta gyara hubbaren Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, ta sake buɗe shi a 2023, me ya hana a mayar wa tsohon mutum-mutuminsa kansa? Ka ce abin kunya ne baƙi su zo Akra su tarar da uban ƙasa ba kai. Kiran sallar la'asar ya katse mu, shi ya sa na rubuto.

Ni a ganina a bar shi yadda yake.

An kafa wannan mutum-mutumi na tagulla a 1958 a gaban majalisar dokoki, Nkrumah na raye, yana kan mulki. Ranar 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyar Hanoi, soja da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Jama'a suka tumɓuke mutum-mutumin, kai ya rabu da gangar jiki, ya ɓace. Sai a 2009 aka dawo da shi, bayan shekara 43. Yanzu a filin hubbaren ga jikin a tsaye, ga kan a gefe a kan nasa dandamalin.

Ka lura fa, wata guda kacal kafin juyin mulkin ya buɗe madatsar ruwa ta Akosombo, wadda har yau muke shan wutarta. Duk da haka mutane suka fito titi suna murna. Ba haushin banza ba ne. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958 ta cika kurkuku, J. B. Danquah, jagoran 'yan adawa, a gidan yarin Nsawam ya rasu a 1965. A 1964 an mayar da ƙasa ta jam'iyya ɗaya. Mu 'yan zango ma mun sha namu kason tun da wuri: a 1957 aka kori Alhaji Amadu Baba na Kumasi zuwa Najeriya saboda yana ɓangaren adawa. Tambayi kakanka, in ya ga dama zai faɗa maka.

Kada ka ɗauka na raina mutumin. A filin da hubbaren yake yanzu, inda Turawa suke wasan folo a da, ya tsaya daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin Gana, kuma babu mai goge masa wannan. Ya yi gudun hijira a Gini, ya rasu a Romaniya a 1972, aka binne shi a ƙauyensu Nkroful, sai a 1992 aka dawo da gawarsa nan. Sabon mutum-mutuminsa ga shi can gaban hubbaren, lafiyayye, yana nuni da hannu. Mai son hoto ya je can.

Amma duk ran da na kai ɗalibai, gaban lafiyayyen hoto kawai suke ɗauka su wuce. Gaban guntulallen suke cirko-cirko, sai ka ji wani ya ce, "Malam, wa ya cire masa kai?" Daga nan darasi yake farawa. In maƙeri ya liƙe wuyan, wa zai ƙara tambaya?

Asabar mai zuwa zan kai 'yan aji shida. In kana da sarari ka same mu a bakin ƙofa da ƙarfe tara, kai za ka amsa musu.

Malaminka na da.