Tashar Rigasa: Ƙarancin Tikiti Daga Layin Dogo Yake Farawa

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, domin yawancin ƙorafin da ake yi a kanta yana tsayawa ne a kan tikiti, alhali tushen matsalar ya wuce nan.

Kaduna ta daɗe da sanin jirgin ƙasa. Layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa tun kafin garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Sai dai wancan tsohon layin siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, na Rigasa kuwa milimita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan, saboda haka sabon jirgin ba zai iya shiga tsohuwar tashar cikin gari ba. Aka gina masa tasa a gefen yammacin gari, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya fara aikin a 2011, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na can, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe layin ranar 26 ga Yulin 2016. Tsawonsa kimanin kilomita 186 ne daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, ya bi ta Kakau, Dutse, Rijana, Gidan, Jere, Asham da Kubwa.

Abin da fasinja ba ya lura da shi daga cikin tarago shi ne, layin falle ɗaya ne. Jirgin da ya taso daga Rigasa, mai lamba KA, da wanda ya taso daga Idu, mai lamba AK, dogo ɗaya suke takawa. Ba su iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi wa layin reshe. Ɗaya ya ratse ya tsaya, ɗaya ya wuce. Idan na Idu ya makara da minti talatin, na Rigasa ma sai ya ci wannan minti talatin ɗin yana jira a tsakiyar hanya, jinkirin kuma ya bi sauran sawun ranar. Idan kan jirgi ya lalace tsakanin tashoshi biyu, layin gaba ɗaya ya toshe ke nan har a turo wani ya janyo shi.

Waɗannan mararrabar su ne wurin da ya fi buƙatar kulawa. Ƙarfen da ke karkatar da jirgi zuwa reshe dole ya manne sarai, a kuma kulle shi. In ya bar ɗan giɓi, ƙafafun gaba su bi wannan layin, na baya su nufi wancan, tarago ya sauka ƙasa. A tashar Asham jirgi ya kauce ranar 26 ga Agustan 2025, kafin nan kuma an yi irin haka kusa da Kubwa a Janairun 2023.

Sai batun tsaro. Bayan harin 28 ga Maris 2022, wanda aka kai wa jirgin yamma mai zuwa Kaduna, an rufe layin har 5 ga Disamba. Da aka dawo, sai aka rage sawu, aka kauce wa tafiyar dare, aka kuma wajabta lambar NIN wajen sayen tikiti. Kuɗin kujera a lokacin ya koma naira 3,600 a tarago na kowa da kowa, 6,500 a na tsakiya, 9,000 a na manya. Ban ga laifin wannan taka-tsantsan ba. Amma lissafin a fili yake: an rage kujeru, masu gudun titin Abuja kuwa ba su ragu ba. Duk inda kaya ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, ’yan bayan fage za su kafa rumfa. Sayar da tikiti ta intanet da aka fara a Janairun 2021 ya rage layi a bakin taga, bai ƙara ko kujera ɗaya ba.

Ga mai shirin tafiya, ya sayi tikiti da sunan da ke kan katinsa, domin a ƙofa ana haɗa su, kuma tikitin da aka saya da sunan wani na iya sa a mayar da shi gida. Ya ba hanyar daga Bakin Ruwa zuwa tasha lokacinta, don cunkoson keke da motoci kan tsananta dab da tashin jirgi. Mai zuwa Kubwa, Dutse Alhaji ko Gwarinpa ya sauka a Kubwa; zuwa Idu ƙarin nisa ne da ƙarin kuɗin mota. Mai zuwa tsakiyar birni ko filin jirgin sama shi ya kamata ya kai Idu, inda jirgin cikin garin Abuja ke tsayawa.

Roƙona ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, ta fara da gyaran mararraba da siginarsu, ta kuma ajiye kan jirgi guda a shirye a Rigasa don ɗauki. Bayan haka ne za a iya ƙara sawu ba tare da sun takura wa juna ba. Ta riƙa bayyana yawan kujerun kowane jirgi da lokacin da ake sakin tikiti, a kuma mayar da kujerar da aka fasa cikin manhaja nan take. Wannan ya zama dole yanzu, tunda layin Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a Yulin 2021 zai mayar da Rigasa tashar tsakiya, fasinjojin Zariya da Kano su zo su hau wannan falle ɗayan.

Na gode.

Wani mai karatu, Kaduna