Waƙar da ta fita daga ranka, kada ka bar wa laimar Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin mu yi magana da 'yan uwanmu mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, kan yadda ake yi da kaset da faifai da memorin waƙoƙin da mutum ya daina saurare.

Waƙa ta fita daga ran mutum ba abin mamaki ba ne, kuma dalilan a fili suke. Saurayin da ya sauka Legas da waya cike da waƙoƙin soyayya, in ya yi aure ya tara iyali a ɗaki guda, akwai baitin da ba zai iya kunnawa 'yarsa na zaune ba. Waƙar siyasa kuwa ranta gajere ne, ranar da uban gidan mawaƙi ya sauya sheƙa ta zama abin jin nauyi. Waƙoƙin fiyano na fina-finan farkon shekarun 2000 suna da tasu matsalar: gangar daga cikin na'ura take, bugu ɗaya take maimaitawa daga farko har ƙarshe, shi ya sa kunne ke ƙoshi da wuri. Makaɗin kalangu kuwa yana matse igiyoyin a hammata yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka tare da maganar mawaƙi, ko an ji sau ɗari ana tsintar sabon abu. Wasu kuma sun bar kiɗa gaba ɗaya saboda addini, wannan hukuncinsu ne kuma muna girmama shi.

Abin da ke damun mu shi ne gaggawar zubarwa, domin kunne yana juyawa. Wanda yake guje wa Shata yana cewa waƙar tsofaffi ce, in ya doshi arba'in shi ne ke yawon neman ta. Na manyan mawaƙa da sauƙi. Alhaji Musa Ɗankwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma da yawa daga waƙoƙinsu suna intanet. Wanda ba ya intanet shi ne kaset ɗin da wani ya ɗauka da rakodarsa a wurin biki ko ajo, ko filin dambe, ko kiɗan mahauta, ko wasan Sallah a ƙofar Sarkin Hausawa. Irin wannan sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya. In ya tafi bola, shi ke nan.

Kuma Legas ba Kano ba ce. Kaset ɗin da zai daɗe lafiya a busasshiyar iskar Arewa, a nan laima da gishirin teku suna cin sa, musamman a ruwan Yuni da Yuli. Ɗaga kaset ɗinka a haske ka duba ta tagar tsakiya. In ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren da ke naɗe, fumfuna ce. Kada ka sa shi a rakoda haka, domin zai shafa wa kan rakodar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zare, ita kuma ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A ware shi daban, a bar shi ya bushe a inuwa, a cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Rana ba ta gyara kaset, lanƙwasa kwanson take yi. Kada kuma a ɗora shi kan sifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta yana rage sautin.

Kafin a kunna tsohon kaset, a fara karya 'yan kunnuwan nan biyu da ke samansa, yadda ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. Sannan a zura biro mai kusurwa shida a ramin da ke naɗe zare a juya a hankali. In zaren ya cije, kada a tilasta, a kwance ƙusoshin kwanson (galibi biyar ne) a mayar da zaren cikin wani kwanso mai lafiya. A duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar baki. Shi ke danna zaren jikin kan rakoda, kuma gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi. In babu shi, murya za ta fito a dusashe kamar daga cikin rijiya, mutum ya ɗauka waƙar ta mutu alhali ɗigon gam kawai take buƙata. Zaren da ya tsinke kuwa, ana haɗa shi ta bayansa, ɓangaren da ba ya taɓa kan rakoda. Salatif na kanti da jan farce suna narkewa su manne naɗin da ke kusa, don haka in dole ta sa an yi amfani da su, a kwashe waƙar ran nan. Kaset mai lamba C120, wato na minti 120, ya fi kowanne siririn zare da saurin tsinkewa, C60 da C90 sun fi juriya.

Ita ma rakodar sai an duba ta. Zaren kaset yana tafiya ne da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. In bel ɗin roba ya saki, gudun ya ragu, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. In 'yar tayar robar da ke jan zare ta yi santsi ko datti, ita ce ke sa rakoda ta tauna kaset. A goge ta da kan rakodar da auduga da sifirit, a bari su bushe, a gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba tukuna. Masu gyara a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja suna iya sauya bel.

Wajen kwashewa, kuskuren da aka fi yi shi ne kara waya a bakin sifika. Janareton maƙwabci da hon ɗin danfo duk za su shiga. A haɗa kebul daga ramin iyafis na rakoda zuwa kwamfuta, a ɗauka da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. A saita ingancin ɗaukar sauti a kan Hz 44,100 da bit 16, kamar na faifan CD, a rage ƙara yadda alamar ƙarfin sauti ba za ta taɓa ja ba. A adana asalin a nau'in fayil na WAV, wanda ke cin kimanin megabait 10 a minti, wato kaset C90 guda ya kusa cika gigabait ɗaya. Daga shi ake fitar da MP3 na saurare a waya. Ba a yanke kwana, kaset na minti 90 sai an zauna masa minti 90.

Faifan CD ba ya son doguwar magana: a goge shi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye, kuma ƙarzuwar saman rubutu ta fi ta ƙasa illa.

Memori ya fi yaudara, don mutane sun ɗauka ba ya lalacewa. Akwai na jabu da aka rubuta wa gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, in ya cika sai sababbin waƙoƙi su hau kan tsofaffi. Mai kyau ma in ya shekara da shekaru a aljihun jaka ba a sa shi a na'ura ba, yana iya zubar da abin da ke ciki. A yi kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya ya tafi gida Arewa, a ƙara da Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta. A WhatsApp a tura waƙa a matsayin dokumen don ta isa yadda take. A kuma sa mata suna: mawaƙi, wanda aka yi wa, gari, da shekara in an sani. Fayil mai lamba kawai, bayan shekara goma ba wanda zai san muryar wane ne.

Ga magada kuma: kada ku yarda da rubutun da ke jikin kaset. A da, 'yan ci-rani kan ɗauki saƙon murya a kaset su aika gida, gida ma su aiko, kuma sau da yawa a kan tsohuwar waƙa ake ɗorawa. Kaset mai sunan mawaƙi a baya yana iya zama muryar kakarku ce tana gaida ɗanta. A saurari fuska biyun har ƙarshe.

Wanda ba ya son ajiye su a gidansa, ya tuntuɓi sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo ko suna buƙata. Muna kuma roƙon Malam Edita ya buga wannan kafin ruwan Yuni ya sauka.

Wassalam.

Wasu masu gyaran rediyo da tura waƙa,
Agege, Legas