Godiya ga ɗan shagon kayan gudun daji na Uppsala

Assalamu alaikum. Mutanen wannan shago ba sa jin Hausa, amma na ga ya dace in yi musu godiya a bainar jama'a, ko 'yan uwanmu da karatu ya kawo Suwidin za su amfana.

Tun da na zo garin nan na kamu da son wasan da suke kira orientering. Za a ba ka taswira, ka riƙe kamfas ɗinka, ka kutsa daji kana neman tutoci masu launin fari da ruwan lemo ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kammala cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci. Ba hanya, ba mai nuna maka. A taswirar, fari na nufin dajin da ake iya gudu a ciki, kore duhuwa ce, rawaya fili, shuɗi kuwa ruwa ko fadama. Na fara da wani shiri mai suna Hittaut, inda ake raba taswira kyauta kowa ya bi a lokacin da ya ga dama, daga nan zuciya ta raya mini in gwada dajin Lunsen.

A nan wahala ta soma. Kamfas ɗin da na taho da shi daga Kano, wanda bai taɓa ba ni kunya wajen duba alƙibla ba, sai allurarsa ta dinga sunkuyawa tana gogar ƙasan gidanta, ta maƙale. Na kai shi manyan shaguna. Wani yaro ko karɓa bai yi ba, ya ja ni wurin agogon GPS mai tsadar gaske, alhali a gasa ba a yarda ka nemi hanya da shi ba. A wani shagon kuma mai gadi ya yi ta bina daga wannan layi zuwa wancan har na fita, raina a ɓace.

Sai Allah Ya haɗa ni da ɗan shagonku, da dattijon da ke tsaron kanta. Baba, na gode. Ka ajiye kamfas ɗin a kan tebur, ka sunkuya ka dube shi ta gefe, ka tambaye ni daga ina na zo da shi. Da na ce Najeriya sai ka yi murmushi ka ce lafiyarsa ƙalau. Ashe maganaɗisun ƙasa a nan arewacin duniya ƙasa yake jan bakin allura, da karkata sama da digiri 70, a wajenmu kuwa kusan a kwance yake. Shi ya sa masu ƙerawa irin su Silva ke daidaita nauyin allura gwargwadon yankin da za a yi aiki da ita. Ka ce in adana nawa don ranar komawa gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kamfas mafi araha ka miƙo mini cikin waɗanda ake saƙalawa a babban yatsa. Na nemi 'yar na'urar SportIdent da ake dangwalawa a kowace tuta, ka hana ni saya, ka ce ana bayar da haya a wurin gasa. Ka fito da tsohuwar taswirarka, duk ta sha ninki, ka nuna mini yadda ake bin layukan tudu da babban yatsa ana juya takardar ta fuskanci arewa. Ka tuna mini cewa doka ce a sa tufafin da suka rufe ƙafafu, in kuma duba jikina saboda kaska duk ranar da na dawo. Ɗanka ma iyakar abin da za ka yi masa ke nan, ina ji.



Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan ya zama abin ba da labari. Nan da gida duk kanwar ja ce. Mai shago bai san kayan da yake sayarwa ba, kuma ba zai ce bai sani ba. Ka yi tambaya biyu ya haɗe rai, ka ce za ka je ka yi shawara ya bi ka da harara. Wasu har allo suke kafawa cewa kaya in sun fita ba sa dawowa, tun kafin ka taɓa komai. A manyan shagunan nan kuwa yara ake ɗauka a koya musu tura mutum ga abu mafi tsada, ko da ba shi ya kawo shi ba.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
wani ɗalibi a Uppsala